Inda ake ɗaure sandar zare a injin CNC, da inda ake sakar mata mara

Wanda ya haɗa injin CNC (injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa) da hannunsa, ya ba shi da'ira ya yanka, ta fito da ɗan tsani a wurare huɗu maimakon ta zagaye sumul, yakan fara zargin notin da ke bin sandar zare yana tura teburin injin. Ya sauya noti, abin bai gyaru ba, sai ya koma kan moto, daga nan sai manhaja. Sau da yawa duk waɗannan ba su da laifi. Matsalar tana can ƙarshen sandar zaren, inda aka ɗora ta a kan boris, wato zoben nan mai ƙwallaye da take juyawa a ciki, aka ɗauka an gama. Sandar tana juyawa lafiya lau, amma duk lokacin da moto ya sauya alkibla sai ta ɗan zame gaba ko baya kafin ta fara tura tebur. Zamewar ba ta wuce kaurin takarda ba, ido ba ya ganinta, amma bakin yanka yana rubuta ta a jikin aiki.

Kafin a yi maganar abin da za a saya, sai an raba wa kowane sashe aikinsa. Moto aikinsa juyi ne kawai. Layin dogon da tebur ke zamewa a kansa shi ne mai ɗaukar nauyi, shi ne kuma mai cewa ga hanya. Sandar zare da notinta su ne masu mayar da juyi ya zama turi da ja, ba su da wani aiki bayan wannan. Kuma duk ƙarfin da noti ya tura tebur da shi, da irinsa tebur ke tura sandar baya. Idan bakin yanka yana cin katako da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10, to kilo 10 ɗin nan yana bin jikin sandar yana neman inda zai sauka. Dole a samu wuri guda da zai tare shi, ya miƙa shi ga gangar jikin injin ba tare da ya motsa ba. Yawancin ɓarnar da ake gani a injinan haɗin gida daga abu biyu take: ko ba a tanadi wannan wurin ba, ko kuma an ɗaure sandar a wurare da yawa har sassan suna kokawa da juna.

Ita kanta sandar ba ta cika miƙewa ba. Ɗauki siririyar nan da ake kira T8, mai kaurin milimita 8 a waje, wadda cikinta bayan an cire zurfin zare bai wuce milimita 5.5 ba. Ka rataya mata kilo 10 a tsawon mita guda, abin da za ta miƙe kusan 0.02 na milimita ne. Mai ƙwallaye irin SFU1605 kuwa, wadda notinta ke tafiya a kan ƙananan ƙwallaye, ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba za ta kai ba. Saboda haka in ka auna ka ga injinka yana ɓatar da 0.2 na milimita a kowane juyi, kada ka ɗora wa ƙarfen sandar. Nemi abin a mazauninta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin moto ya zama matokara. A haɗa sanda da shaf ɗin moton sitefa (moton da ke juyawa taku-taku) kai tsaye, a sa boris ɗaya a ɗaya ƙarshen, shi ke nan. Injin zai yi tafiya, har ma ya yi zane da alƙalami. Amma ka kama shaf ɗin moto irin NEMA 17 ko NEMA 23 ka danna shi ciki da babban yatsa: a yawancinsu za ka ji ya ɗan nutse a ɓangare ɗaya sannan ya dawo. Akwai wata wosha mai lanƙwasa a bayan boris ɗin ciki, aikinta ta riƙe shi daidai, kuma sifirin ce, wato tana lotsawa ta dawo. Ma'ana duk ƙarfin yanka ya sauka a kan sifirin. Ga kuma boris ɗin moton da aka yi su don juyi, an mayar da su masu ɗaukar turi, ba za su yi tsawon rai ba.

Mahaɗin da ke tsakanin moto da sanda shi ma ana yawan ɗora masa abin da ba nasa ba. Wanda aka fi samu a cikin kayan haɗi shi ne na alminiyam da aka yi wa yanka mai zagayawa. Ja shi da hannu biyu ka gani, miƙewa yake yi. An yi shi ne don ya haɗiye ɗan karkacen da ke tsakanin shaf biyu, kuma a ƙaramin injin da ba ya fama da nauyi ya wadatar, matuƙar ba shi ne ke tare turi ba. Ga injin da zai ci katako mai tauri ko alminiyam, mai haƙora da roba a tsakiya ya fi shi, haka ma mai faifan ƙarfe. Kowanne ka sa, bar ɗan rata tsakanin kan shaf ɗin moto da kan sandar a cikin mahaɗin, kada su taɓa juna. In suka haɗu, turin da ka yi ƙoƙarin raba moto da shi ya sami hanyar komawa.

Ƙarshen da ake ɗaurewa

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata a kashe lokaci. Boris na gama-gari, irin 608 da kowa ya sani (ramin milimita 8, faɗin 22, kaurin 7), an yi shi ne don nauyin da ke zuwa daga gefe. Ƙwallayensa suna zaune a cikin kwari, akwai ɗan sarari tsakaninsu da bangon kwarin, kuma wannan ɗan sararin idan aka tura zoben ciki ta tsawo yakan ninka sau da yawa. Riƙe zoben waje, ka tura na ciki gaba da baya, za ka ji ƙas-ƙas a yatsanka. Wannan ƙas-ƙas ɗin shi ne tsanin da ke fitowa a da'ira.

Maganin da masana'antu suka tsaya a kai shi ne boris biyu masu karkataccen mazauni. A irin wannan boris, ƙwallon ba a tsakiyar kwari yake zaune ba, yana jingine ne da kafaɗa ɗaya, don haka yana iya tare turi mai yawa amma ta fuska ɗaya tak. Sai a haɗa biyu suna kallon saɓanin juna, ɗaya ya tare turi, ɗaya ya tare ja, a matse su har kowanne ya riga ya danne ƙwallayensa tun kafin aiki ya zo. Idan an jera su baya da baya sun fi hana sanda karkata. Idan fuska da fuska ne sun fi haƙuri da ɗan kuskuren saiti. Ga mai haɗi a gida duka biyun suna aiki. Abin da ba ya aiki shi ne a juya su duka suna kallon gefe guda, wanda yakan faru in mutum ya kwance su don wankewa bai yi alama ba.

Wannan tsarin ne ke cikin gidan boris da ake sayarwa da sunan BK12, wanda aka saba haɗawa da SFU1605. Ana gyara ƙarshen sandar a injin sassaƙa ƙarfe mai juyi, a rage ta zuwa milimita 12 inda boris zai zauna, a bar kafaɗa a baya, a yanka siririn zare M12 a gaba, sannan a ƙara ragewa zuwa milimita 10 don mahaɗi. Wajen haɗawa, zoben tazara ne ke fara jingina da kafaɗar, sai boris biyu, sai wani zoben, sai notin kulle. Notin nan shi ne ke matse komai ya zama abu guda. In ya saki, duk tsadar boris ɗin ta tashi a banza. Akwai ƙaramin sukuru a gefensa da ke hana shi warwarewa, kuma ƙarƙashin sukurun akwai ɗan guntun tagulla da ke kare zaren. Guntun nan yakan faɗi ya ɓata lokacin buɗe leda, mutum ya ɗaure sukuru kai tsaye a kan zare, ranar da ya zo kwancewa ya tarar zaren ya mutu.

Akwai abin lura game da masu arha. Sau da yawa za ka buɗe BK12 ka tarar ba boris masu karkataccen mazauni ne a ciki ba, na gama-gari ne guda biyu irin 6001, alhali 7001 ne ya kamata su kasance. Girmansu ɗaya, daga waje ba ka bambancewa. Ni a ganina duk wanda ya sayi irin wannan gidan ya kwance murfin ya karanta lambar kafin ya ɗora shi a inji. In na gama-gari ne, ko ya sauya su, ko ya sa siririn zoben ciko tsakanin zobban waje guda biyu, yadda in aka matse na ciki da noti ƙwallayen za su jingina da bango. Dabarar tana cire wasa kuma tana isar ƙaramin inji, sai dai ba a cika matsi, don boris ɗin ba a yi shi domin haka ba.

To wanda ke amfani da T8 fa, wadda zare ne daga kai har ƙafa, ba kafaɗa ba wurin noti? Nan ne ake ganin gidajen nan masu kunne biyu, KP08 da KFL08. Suna da sauƙin ɗaurawa, boris ɗinsu yana iya karkata ya bi sanda, kuma ƙananan sukuru biyu ne ke riƙe ta. Matallafa ne masu kyau, amma ba matokara ba ne. Sukurun yana cizon tsinin zare ne kawai, girgiza kaɗan ya saki, kuma boris ɗin da aka yi don ya motsa a cikin gidansa ba shi za a ba amanar tsayuwa ba. Hanyar da ta fi ita ce a sami faranti mai kauri, a sa 608 a cikin raminsa don riƙe sanda a tsakiya, sannan a sa ƙaramin boris na tokare, mai wosha biyu da ƙwallaye a tsakani, a kowane gefen farantin. Daga waje a matse su da zoben kulle. Zoben da ke rungume sanda gaba ɗaya idan an ɗaure shi ya fi mai sukurun cizo nesa ba kusa ba. In mai cizon ne kaɗai a hannu, a goge ɗan wuri a jikin sandar ya yi fili don sukurun ya sami wurin zama. Matsin da ake so shi ne wanda wasa ya ɓace amma sandar tana juyawa da yatsu biyu. In sai ka sa ƙarfi, ka wuce gona da iri, zafi da ci za su biyo baya.

Ɗaya ƙarshen, da dalilin barinsa ya zame

Abokin BK12 shi ne BF12, kuma abin da ke cikinsa boris ɗaya ne na gama-gari mai ramin milimita 10. Zoben kulle yana riƙe shi a jikin sanda, amma a cikin gidan babu abin da ya tare shi gaba ko baya. Wanda bai sani ba yakan ɗauka an manta da murfi ne, har ya nemi abin da zai toshe. Da gangan aka bar shi haka.

Ƙarfe yana ƙara tsawo da zafi, kusan 0.012 na milimita a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. Sanda mai tsawon mita guda da ta yi aiki ta ɗumama da digiri 10 ta ƙaru da 0.12 na milimita. Kamar ba komai ba. Amma ka ɗaure ta kam a ƙarshe biyu a jikin abin da ba ya motsi, ƙarfin da sanda irin SFU1605 za ta tura boris da shi ya haura nauyin kilo 300. A zahiri farantan injin gida za su lanƙwasa kafin a kai nan, ko sandar ta yi baka, kuma babu mai daɗi a cikin biyun. Idan gangar jikin alminiyam ce abin ya ƙara rikicewa, domin alminiyam yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe, 0.023 a mita. Da sanyin safiya gangar ta tsuke ta matse sandar, da rana ta ja ta. Boris mai zamewa yana haɗiye duk wannan ba tare da kowa ya ji ba.

Wane ƙarshe za a ɗaure? Galibi na wajen moto, don mahaɗi ya zauna a inda sanda ba ta motsi.

Gudun da sanda ba ta wucewa

Babu sandar da take miƙe ɗari bisa ɗari, kuma ko da ta miƙe, nauyinta yana sa cikinta ya ɗan sauka. Da ta fara juyawa wannan ɗan cikin yana jan ta waje. Akwai wani gudu da in ta kai shi sai ta fara kaɗawa kamar igiyar da yara ke tsalle, injin duka ya ɗauki rawa, moto ya ɓatar da taku. Wannan gudun yana da lissafi, kuma lissafin ne ke nuna amfanin ɗauri mai kyau fiye da kowace magana.

A kundin kamfanin THK na Japan, ana samun zagayen da aka yarda da shi a minti ta hanyar ninka kaurin cikin sanda da wata lamba, a ninka da miliyan 10, sannan a raba da tsawo sau tsawo, duka a milimita. Lambar ta danganta da yadda aka riƙe ƙarshen. In ɗaya a ɗaure yake ɗaya a sake ba matallafi, 3.4 ce. In duka biyun tallafi kawai aka yi musu da boris ɗai-ɗai, 9.7. In ɗaya a ɗaure ɗaya a tallafe, irin BK da BF, 15.1. In duka a ɗaure, 21.9. An riga an rage kashi 20 cikin ɗari a cikin waɗannan lambobin saboda kariya.

Gwada da T8 mai tsawon mita guda. Ba matallafi a ƙarshe, zagaye kusan 190 a minti. Boris ɗai-ɗai, 530. Ɗauri da tallafi, 830. Ɗauri biyu, 1,200. Sanda ɗaya ce, ƙarfe ɗaya, amma tsakanin na farko da na ƙarshe ninki shida ne da ɗoriya. Kuma tun da tsawo sau tsawo ake rabawa da shi, tsawon ya fi komai tasiri: rage sandar zuwa rabin mita, duk waɗannan alƙaluman sun ninka huɗu, ƙara ta zuwa mita biyu, sun koma kashi ɗaya cikin huɗu. Noti ma matallafi ne, don haka kaɗawar ta fi tsanani idan tebur ya tafi can ƙarshe ya bar dogon ɓangare a sake. Shi ya sa wani injin ke tafiya shiru a tsakiya, ya kama kuka in ya doshi gefe.

SFU1605, mai cikin kusan milimita 13, a mita guda da BK da BF tana kai wa zagaye kusan 1,950. Tun da kowane zagaye milimita 5 take tura tebur, gudun ya kusa mita 10 a minti, ya wuce abin da yawancin moton sitefa za su iya ba ta. A mita ɗaya da rabi kuwa ta sauko zuwa 870, wato ƙasa da mita huɗu da rabi a minti. Mai gina babban inji yakan ce bari ya sayi sanda mai kauri, amma kauri yana zuwa da nauyin juyi, moto ya sha wahalar tashi da tsayawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne sanda mai dogon taku, wato wadda ke tura tebur nesa a kowane zagaye. SFU1610 kaurinta ɗaya da 1605 amma milimita 10 take tafiya a zagaye, don haka mita 5 a minti zagaye 500 take buƙata maimakon 1,000. Abin da aka sadaukar shi ne ƙanƙantar taku: moto mai taku 200 a zagaye yana ba da 0.05 na milimita a cikakken taku maimakon 0.025, kuma ga aikin katako wannan ba asara ba ce. Idan tsawo ya doshi mita biyu, masu gini da yawa sukan daina juya sandar gaba ɗaya: su ɗaure ta cak a miƙe, su juya notin da bel, ko su koma ga haƙoran giya masu bin dogon layi.

Akwai ɗan'uwan kaɗawa, shi ne lanƙwasa ƙarƙashin turi. Sanda in ana jan ta ba ta da damuwa, amma in ana danna ta daga ƙarshe akwai nauyin da za ta yi baka nan take. Ga T8 mai tsawon mita guda da tallafi kawai, lissafi ya nuna kusan kilo 9 ne. Da ɗauri a gefe guda, wajen kilo 18. Wannan bai fi ƙarfin yanka mai ɗan zurfi ba. Kauri a nan yana da tasiri sosai, domin ninka shi biyu yana ninka juriyar sau 16. Saboda wannan raunin ne masu amfani da siraran sanduna a dogon inji suke bin wata hanya dabam: su sa boris na tokare a wajen faranti a ƙarshe biyu, su ja sandar ta ɗame. Sandar da ke a ɗame ba ta yin baka da wuri, gudun kaɗawarta ma yana ƙaruwa. Dabara ce mai aiki, amma ta mayar da mu ga ɗauri biyu, don haka farantan su kasance masu ƙwari, kuma a riƙa duba ɗamewar idan yanayi ya sauya. Bambancinta da ɗauri biyu na ganganci shi ne an ja sandar tun farko, in ta ɗumama ta ƙaru sai ɗamewar ta ragu kawai, ba ta koma turi ba.

A sandar hawa da sauka abin ya fi sauƙi. Gajeriya ce, sau da yawa ba ta kai milimita 300 ba, kuma a wannan tsawon ko ba matallafi a ƙasa T8 tana iya zagaye 2,000. A ɗaure ta a sama don nauyin kan yanka ya rataya a jikinta, a bar ƙasan. Masu injin ɗab'i na 3D sun daɗe da gane cewa sa boris a ƙarshen sandar da ba ta miƙe sosai ba yakan ƙara ɓata aiki, don karkacen da da zai fita ta ƙarshen da ke sake sai ya koma kan noti. Abin da za a kula da shi a nan shi ne faɗuwa. Sanda mai ƙwallaye tana isar da kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da aka ba ta, kuma wannan santsin yana aiki ta baya ma: a ɗauke wuta, nauyin kan yanka ya juya sandar ya gangaro kan aiki. T8 mai takun milimita 8 ma tana iya yin haka. Mai takun milimita 2 kuwa gogayyarta takan riƙe ta a inda aka bar ta.

Saiti

Ko da an sayi kaya mafi kyau, in sandar ba ta tafi kafaɗa da kafaɗa da layin dogo ba, za su yi ta jayayya, kuma noti ne zai biya. Ƙa'idar ita ce layin dogo ke gaba, sanda ta bi shi. A fara kafa layin a tabbatar tebur yana zamewa sumul ba tare da sanda ba. Sannan a ɗora sandar da gidajen boris biyu da gidan noti, duk sukurorin a sake, an ɗan kama su da yatsa kawai. Ramukan su fi sukuru ɗan faɗi don a sami wurin motsi. A juya sandar da hannu har tebur ya zo dab da ƙarshen da ake ɗaurewa. A nan ɓangaren da ke tsakanin noti da boris gajere ne, ba ya lanƙwasa, don haka shi da kansa zai ja kowa zuwa inda ya dace. A ɗaure gidan noti da gidan boris na wannan gefen. A mayar da tebur ɗaya ƙarshen, a bar noti ya nuna wa gidan BF wurin zamansa, a ɗaure. In akwai rata ƙarƙashin gidan, a cike ta da siririn ƙarfe, kada a ja shi ƙasa da ƙarfin sukuru.

Daga nan hannu ne alƙali. A juya sandar daga wannan kai zuwa wancan ba moto. In tana da laushi a tsakiya amma tana tauri a ƙarshe, saitin bai yi ba, a sake kwancewa. In tauri yana zuwa sau ɗaya a kowane zagaye, ko sandar ta lanƙwashe ko ƙarshen da aka gyara bai zauna a tsakiya ba. Mirgina ta a kan gilashi zai nuna. Moto ne ƙarshen shiga, kuma alamar ya zauna daidai ita ce mahaɗi ya zame daga wannan shaf zuwa wancan ba tare da an tilasta shi ba. Wani gargaɗi a gefe: kada a zare noti mai ƙwallaye daga sandarsa sai da bututun da zai maye gurbinta a ciki, in ba haka ba ƙwallayen za su watse a ƙasa, mayar da su kuwa aiki ne na haƙuri.

In an gama, agogon awo mai allura ne zai faɗi gaskiya. A kafa shi a jikin gangar injin, bakinsa a kan tebur. A tura tebur gaba, a mayar da allura sifili, a ƙara gaba milimita ɗaya, a ce ya dawo milimita ɗaya. Abin da ya rage bai koma sifili ba shi ne jimillar wasan. Don a san na wane ne, a mayar da bakin agogon kan ƙarshen sandar ta tsawo; in akwai ɗan rami a tsakiyar ƙarshen, a maƙala ƙaramin ƙwallon boris da giris don agogo ya taɓa wuri ɗaya. A tura tebur da hannu gaba da baya. In allura ta motsa, wasan na ɗauri ne, ba ruwan noti. In ta tsaya cak amma tebur yana motsi, yanzu ne za a waiwayi noti. Manhajojin sarrafa injin irin su Mach3 da LinuxCNC suna da wurin da ake rubuta yawan wasa su riƙa cikewa, amma wannan yana gyara lissafin tafiya ne kawai. Ba ya hana bakin yanka fizgar tebur cikin wannan ratar yayin da yake cin aiki.

Akwai awo na uku da aka fi mantawa da shi: a ɗora bakin agogon a kan gidan boris ɗin kansa, a sake turawa. A injinan da aka gina da katako ko siririn faranti, nan ne allura ta fi rawa. Gidan yana riƙe da sanda kam, amma farantin da aka ɗaure shi a kai yana lanƙwasa gaba da baya, ko sukurorin suna nutsewa cikin katako a hankali. Taurin faranti yana ƙaruwa ne da kauri sau kauri sau kauri, don haka na milimita 12 ya fi na milimita 6 tauri sau takwas. Inda ba a iya ƙara kauri, a sa haƙarƙari a bayansa ta fuskar da turi ke bi, ko a matso da gidan boris kusa da kusurwar da faranti ya haɗu da gangar injin. A katako kuma a huda har waje, a sa faffaɗar wosha ko farantin ƙarfe a baya, a sake bin sukurorin da ɗauri bayan makonnin farko na aiki, domin katako yana sakin jiki.